Shugaban Makaranta Mai Tsoro Shi Ya Fi Tsawa

Tun da sojojin Sudan suka koma Wad Madani a ranar 11 ga Janairun 2025, bayan garin ya yi fiye da shekara guda a hannun dakarun RSF, maganar da ta fi yawa a kan makarantun jihar Jazira ita ce ta kwanon rufi da benci da alli da albashin da aka daɗe ba a gani ba. Wannan daidai ne, domin ɓarnar ta yi yawa. A watan Oktoban 2023 hukumar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar, kuma azuzuwa da dama sun zama masaukin waɗanda yaƙi ya koro. Sai dai akwai wani abu da ba ya shiga jerin kayan da ake roƙo, alhali shi ne zai yanke hukuncin ko kwanon da bencin za su yi amfani. Abin nan shi ne zuciyar wanda ke riƙe da mabuɗin makarantar, wanda mutanen can suke kira mudir, ko mudira in mace ce. Ra'ayina shi ne, yadda shugaban makaranta ke tafiyar da malamansa da iyayen yara yana fitowa ne daga abin da ya yarda zai iya yi da hannunsa. Wanda ya tabbata ya iya aikin shi ke sakin ragama, ya nemi shawara, ya shiga aji. Wanda ke shakkar kansa shi ke rufe ofis, ya ɗaga murya, ya rataya kowane mabuɗi a aljihunsa. Kuma a ƙauyukan Hausawa na Jazira da Nilul Azraƙ wannan bambanci ya fi tsada fiye da a birni.

Dalilin tsadar yana cikin tarihin ƙauyukan. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar. Kafin su da bayansu akwai ayarin mahajjata daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram da suka bi ta ƙasa, wasu suka tsaya neman guzuri, tsayawar ta zama zama. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, hannun waɗannan mutane na cikin waɗanda suka yi shuka da cira. Wasu suka kama su da noman lambu a gaɓar kogi har zuwa Rusairis da Damazin. Jikokinsu 'yan Sudan ne haihuwa da tashi, amma sun daɗe suna fuskantar tambayar takardar ɗan ƙasa da ta mallakar gona, da kallon baƙo a ƙasar da aka binne kakanninsu. Al'ummar da ta sha irin wannan ba ta saurin sakin jiki da duk abin da ya zo da hatimin hukuma. Makarantar allo, wadda suke kira khalwa, tasu ce, sun san malaminta, sun san gidan da ya yi karatu. Makarantar gwamnati kuwa sai ta nemi yardarsu, kuma wanda zai nemo mata yardar shi ne mudir, wanda sau da yawa daga wani gari aka turo shi, ba ya jin Hausa, bai san wane dattijo ake fara gaisarwa ba.

A duba abin da ake ɗora wa mutumin nan. Tun da aka raba ƙasar jihohi a shekarun 1990, nauyin ilimin firamare ya koma kan jiha da ƙaramar hukuma, kuma abin da ke zuwa daga can bai cika wuce albashi ba, in ma ya zo. Kuɗin alli, da gyaran katanga bayan damina, da randunan ruwan sha, da karin kumallon malamai, da ɗan abin da ake ba malamin sa-kai, galibi daga aljihun iyaye suke fitowa ta hannun majalisar iyaye da malamai. In ana son sabon aji sai an kira gayya, wadda can ake ce wa nafir. In ruwa ya sauka, baƙar ƙasar Jazira ta kama tayar mota, ƙauye ya yanke daga gari, mai duba makarantu ba zai leƙo ba sai ƙasa ta bushe. Lokacin girbin dawa da cirar auduga benci ya rage, saboda gida na buƙatar hannu. Ga zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da ke bin magudanan ban ruwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake magancewa da takardar umarni. Mudir ba shi da ikon korar malami, ba shi da ikon ƙara masa ko sisi, ba shi da ikon tilasta wa uba ya bar 'yarsa ta gama aji shida. Jarinsa kawai shi ne mutane su yarda su yi abin da ba dole ba ne su yi. Saboda haka salon shugabancinsa shi ne kusan dukkan kayan aikinsa.

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura, wanda ya yi aiki a Jami'ar Stanford ta Amurka, shi ya fito da bayanin da ya fi taimakawa a nan cikin wata maƙala ta 1977. Abin da ya nuna shi ne, yardar da mutum ya yi cewa zai iya wani aiki takamaimai tana tasiri a kan ko zai fara aikin, da irin ƙoƙarin da zai sa, da tsawon lokacin da zai jure in ya ci karo da cikas. Ya bambanta wannan da jin kai ko ɗaukar kai da muhimmanci gaba ɗaya. Mutum na iya tabbata zai iya tsara jadawalin darussa, ya kuma ji gabansa na faɗuwa in aka ce ya zauna ya kalli darasin lissafi ya faɗi inda aka kuskure. Bandura ya kuma lissafa inda yardar ke samo asali: aikin da mutum ya taɓa yi ya yi nasara, wanda shi ne mafi ƙarfi, sai ganin wani tsaransa ya yi, sai ƙarfafawar waɗanda yake ganin girmansu, sai kuma halin jikinsa da zuciyarsa, wato gajiya ko firgici ko natsuwa. A 2004 Megan Tschannen-Moran da Christopher Gareis suka tsara ma'aunin wannan yarda musamman don shugabannin makarantu, suka kasa ta uku: iya gudanar da harkokin yau da kullum, iya jagorantar koyarwa, da iya tsayar da tarbiyya da ɗabi'a a makaranta. Rabon yana da amfani, domin yana hana mu tambayar banza ta cewa wane yana da ƙwarin gwiwa ko ba shi da shi. Tambayar da ta dace ita ce, a wane ɓangare na aikin yake jin ƙafarsa a ƙasa, a wane ɓangare kuma yake kauce wa.

Alaƙar wannan da salon shugabanci an gwada ta ta hanyoyi daban-daban, kuma sakamakon na karkata wuri guda. Bandura da Robert Wood sun ba wasu ɗalibai kamfani na gwaji a kwamfuta su tafiyar a 1989. Waɗanda aka gaya wa cewa iya yanke shawara abu ne da ake koyo sun riƙe natsuwarsu ko da abubuwa suka yi wuya, suka ci gaba da gwada dabaru bi da bi. Waɗanda aka gaya wa cewa baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita, da suka fara tuntuɓe sai yardarsu da kansu ta zube, tunaninsu ya rikice, suka rage burinsu, aikin ya lalace. Nathanael Fast da Serena Chen sun nuna a 2009 cewa mai riƙe da iko in yana jin bai cancanci kujerarsa ba ya fi saurin huce haushi a kan wasu. A 2014 Fast da wasu abokan aikinsa biyu suka ƙara gano cewa manajan da ke shakkar iyawarsa ba ya son neman ra'ayin na ƙasa da shi, kuma yana kallon wanda ya kawo gyara da mugun ido. Hikimar abin a fili take. Wanda ya san ya iya, gyara a wurinsa ƙarin bayani ne a kan aikin. Wanda ke tsoron a gane bai iya ba, duk gyara tonon asiri ne, don haka dole ya toshe ƙofar da gyara ke shigowa. Tsawa da ɗaure fuska da yawan ambaton doka hanyoyi ne na toshewar.

A shiga makaranta da safe a gani. An buga ƙararrawa, yara sun yi layi a fili, an yi karatun Alƙur'ani da taken ƙasa. A wata makarantar mudir ne ke riƙe da komai: shi zai yi jawabi, shi zai duba farce, shi zai tsaya a ƙofa da tsumagiya yana jiran makararru. Littafin sa hannun malamai na kan teburinsa, ya ja jan layi da ƙarfe kaza. Mabuɗin sito na aljihun jallabiyarsa, in ya tafi ƙaramar hukuma bin albashi ranar babu mai samun alli. Taron malamai karatun sanarwa ne, a saurara a watse. Kuɗin da iyaye suka tara shi kaɗai ya san nawa ne, ba lalle don ya ci ba, sau da yawa don yana tsoron a ga lissafin bai daidaita ba a ce bai iya ba. A makarantar da ke gaba da ita, a bakin magudanar ruwa ɗaya, wata malama ce ke jagorantar layin safe a wannan makon, wani malamin a mako mai zuwa. Mabuɗin sito na wurin wakili. An manna lissafin kuɗin majalisa a bangon ofis da rubutun hannu, kowa ya karanta. Da hantsi, in an zauna karin kumallo a kan akushin wake ɗaya, nan mudir ke jin cewa 'yan aji uku ba su gane rabawa ba, ya ce gobe zai zo ya zauna a baya ya gani. Duk makarantun biyu talakawa ne, rufinsu na yoyo. Ta farko tana tsayawa cak ranar da mutum ɗaya ya kwanta ciwo, ta biyu tana ci gaba da tafiya.

Cikin ɓangarori ukun nan na aikin shugaba, wanda ya fi damuna shi ne na koyarwa, domin shi ne aka fi gudu kuma shi ne ya fi tasiri. Viviane Robinson ta ƙasar Niyu Zilan da abokan aikinta sun tattara bincike da dama a 2008, suka ga cewa shugabancin da ya mai da hankali kan koyo da koyarwa kai tsaye yana da tasiri a kan sakamakon ɗalibai ninki uku zuwa huɗu fiye da shugabancin zaburarwa da kyawawan kalamai, kuma abin da ya fi kowane nauyi shi ne shugaba ya shiga cikin koyon malamansa da kansa. A ƙauyen Hausawa wannan na nufin abu guda kafin komai: yaron aji ɗaya da ya taso da Hausa a gida, aka zaunar da shi gaban littafin Larabci. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya rubuta littafi sukutum a 1999 a kan yadda Hausar Sudan ke cuɗanya da Larabci, kuma sananne ne cewa cuɗanyar ba ɗaya ba ce ko'ina. Ɗan unguwar birni kan zo da Larabcin titi a bakinsa, ɗan ƙauyen da kowa Bahaushe ne kan zo da kaɗan. Mudir da bai yarda zai iya taɓa wannan matsala ba sai ya fake da doka, ya ce harshen koyarwa Larabci ne, ya hana magana da Hausa a harabar makaranta, wani lokaci har da horo. Yaron ya yi shiru, a rubuta shi cikin marasa ƙoƙari, shekara biyu ya koma gona. Mudir da ya yarda da kansa, ko da shi ba ya jin Hausa, zai ɗauki malamin da ke ji ya ba shi aji ɗaya maimakon ya ajiye shi a manyan azuzuwa, ya ce masa ya yi bayani da harshen da yaro ya sani har Larabcin ya kama. Zai je khalwa ya gai da malam, ya gane cewa yaran sun riga sun san baƙaƙe da wasulla daga allo, a ɗora a kan wannan. Ba ya jin ƙasƙanci don ya nemi taimakon wanda ba shi da takardar shaida, domin ya san da ɗan gari akan ci gari.

Jazira ma tana da nata misali, ba sai an je Amurka ba. Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a, a gabashin kogi, a 1907, lokacin da hukumar mulkin mallaka kanta ke ɗari-ɗari da abin don tsoron fushin jama'a, har ta bar shi ya yi da sunansa a kan alhakinsa. Akan ba da labarin a matsayin jarumtar mutum ɗaya, amma abin lura shi ne tsarin da ya bi. Ya riga ya yi shekaru yana tafiyar da makarantar maza a garin, ya san aikin, mutane sun ga amfaninsa a jikin 'ya'yansu. Da ya zo kan 'yan mata, da na gidansa ya fara, tare da na maƙwabta da suka yarda. Bai tilasta wa kowa ba, ya bar abin ya yi magana da kansa. Daga wannan ɗan ƙaramin aji aka samo zuriyar makarantun da suka kai ga Jami'ar Ahfad ta mata a Omdurman. Yardarsa da kansa ta fito ne daga aikin da ya taɓa yi, ita kuma ta ba shi haƙurin rarrashi. Mudirin da ke fama a yau da iyayen da ke cire 'yan mata kafin su gama firamare yana da darasi a nan wanda ya fi kowace takarda daga ma'aikata.

Na san abin da za a fara ce mini. Za a ce malamin da ya yi watanni babu albashi, wanda aka kwashe kayan gidansa, wanda ya dawo ya tarar an yi girki da bencin ajinsa, maganar yarda da kai a wurinsa maganar ƙoshi ce. A biya shi tukuna. Na yarda a biya shi, kuma duk wanda ya ɗauki wannan rubutu ya mai da shi hujjar jinkirta haƙƙin malamai ya zalunce ni ya zalunce su. Bandura da kansa ya sa halin jiki da zuciya cikin tushen abin, kuma yunwa da firgici suna cinye ƙwarin gwiwar kowa. Amma hujjar tana da ɗaya gefen. Inda kuɗi da tsari suka wadata, makaranta na iya tafiya ko da shugabanta rarrauna ne, saboda tsarin na ɗauke da shi. Inda babu komai, abin da ya rage shi ne ko malamai za su fito gobe don kunyar mutumin da ke mutunta su, ko iyaye za su sake kawo bulo don sun ga inda na bara ya shiga. Talauci yana ƙara wa salon shugaba nauyi ne. Kuma ranar da taimako ya zo, daga gwamnati ko ƙungiyoyi ko 'yan ƙauyen da ke aiki a Saudiyya, a hannun mudir zai sauka, salonsa ne zai nuna ko za a gan shi a bango ko zai ɓace a aljihun tebur.

Ƙalubale na biyu ya fi wannan ƙarfi. Za a ce ai mun san shugabannin da suka cika da yarda da kansu, su ne ma suka fi kowa kama-karya, ba sa jin maganar kowa saboda sun ɗauka sun san komai. Akwai su. David Dunning da Justin Kruger sun nuna a 1999 cewa waɗanda suka fi rauni a wani fanni sukan kimanta kansu sama da inda suke. Amsata ita ce a duba daga ina yardar ta fito, a kuma duba abin da take yi in ta haɗu da hujja. Wadda ta fito daga aikin da aka yi aka ga sakamakonsa tana da iyaka, mai ita zai ce maka ya iya kaza, kaza kuwa sai ya tambayi Ustaza wance. Wadda ta fito daga kujera ko shekaru ko dangantaka da wani babba ba ta san iyaka ba, kuma ba ta jure gwaji. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce, ba ta buƙatar masani: a kawo wa mudir sakamakon jarrabawar da ya nuna makarantarsa ta ja baya, a ga abin da zai fara yi. In ya jawo kujera ya ce a duba darasi darasi, wannan ya tsaya da ƙafarsa. In ya fara neman wanda zai ɗora wa laifi, malamai ragwaye ne, yaran nan ba sa jin Larabci, iyayensu ba su damu ba, to duk ƙarar muryarsa a tsorace yake. Da yawa daga cikin waɗanda muke kira masu ji da kai, in aka matsa kusa, wannan rukuni ne.

Za a kuma ce binciken da na ambata a ƙasashen Turawa aka yi, wasu ma a kamfanoni, kuma yawancinsu tambayar shugaba ake yi ya kimanta kansa, sannan samun abubuwa biyu tare ba ya nuna wanne ya haifi wanne. Wataƙila nasarar makaranta ce ke sa mudir ya yarda da kansa. Wannan gaskiya ne, kuma ba na son a ɗora wa abin fiye da ƙarfinsa. Kenneth Leithwood da Doris Jantzi, da suka bi sawun wannan alaƙa a makarantun Amurka a 2008, sun ga tasirinta a kan karatun yara ba kai tsaye yake ba, yana bi ne ta halayen shugaba da yanayin da ya samar a makaranta, kuma ba mai girma ba ne sosai. Sun kuma ga cewa irin goyon bayan da hukumar ilimi ta yanki ke bayarwa yana da hannu babba a ciki. Amma cewa nasara na haifar da yarda, yarda kuma na haifar da nasara, ba rushe hujjata ya yi ba. Ya nuna mana ne inda za a sa hannu: a samar wa sabon shugaba ƙaramar nasara ta gaske da wuri, abin ya fara juyawa. Game da bambancin ƙasa kuwa, ma'aunin da aka tsara a Amurka ba zai tambayi mudir ko zai iya zama da dattawan ƙauye a ƙofar masallaci ya fito da alkawarin gayya ba, kuma wannan aiki ne da ya kamata sashen ilimi na Jami'ar Jazira da na Sinnar su ɗauka, su tsara nasu tambayoyin daga aikin da ake yi a ƙasa. Asalin abin dai, cewa mai tsoron a gane kasawarsa ba ya son shawara, duk wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin wani ya san shi.

Akwai kuma masu cewa mutanenmu ba sa girmama shugaba mai laushi, kuma lokacin rikici ba lokacin shawara ba ne. A nan dole a yi magana da nauyi, domin raunin bai warke ba. A watan Yulin 2022 faɗa ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a kan batun ƙasa da sarauta, ya taɓa Rusairis da kewayenta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Ɗaruruwan rayuka suka salwanta, dubbai suka bar gidajensu, wasu suka kwana a azuzuwa. Yaran ɓangarorin nan za su sake zama a benci ɗaya, wasu sun riga sun zauna. Ranar da harbi ya tashi, ko wani yaro ya zo da wuƙa, babu mai cewa a kira taro. Shugaba ya ba da umarni a bi. Mai yarda da kansa ne ma ya fi iya wannan, domin umarninsa ba ya yawa, in ya bayar ana sanin da dalili. Amma aikin da ke biyo baya, na hana zagin ƙabila a filin wasa, na tabbatar da cewa malami bai bambanta yara wajen maki ko horo ba, na zaunar da iyayen da suka binne 'yan'uwansu a majalisa ɗaya, wannan tsawa ba ta yin sa. Yana buƙatar mutumin da zai iya jin magana mai zafi bai fasa taron ba. Cewa kuma sakin ragama baƙon abu ne a wurinmu, tarihin da ya kawo waɗannan al'ummu gabas bai goyi bayansa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yaɗa ilimi cikin matan karkara ne ta hanyar matan da ta horar, waɗanda ake kira jaji, ta naɗa musu malfa, ta sake su su je ƙauyuka su koyar inda idonta ba ya kaiwa. Ba wanda ya ce kwarjininta ya ragu don ta amince wa wasu.

In haka ne, to hanyar da ake naɗa mudir ita ce ke buƙatar gyara. Abin da aka saba shi ne a duba daɗewa a aiki da matakin albashi, a miƙa wa mutum takarda da hatimi da tarin mabuɗai, a bar shi. Ƙwararren malamin aji ne jiya, yau an ce ya riƙe lissafi, ya sasanta manya, ya duba aikin abokansa, bai taɓa yin ko ɗaya ba. Masunta na bakin kogin nan ba sa miƙa wa yaro jirgi ranar ambaliya, a ruwa mara zurfi suke fara ba shi filafili, babba na zaune a baya. Sudan ta taɓa sanin wannan a harkar malanta. Cibiyar Bakht ar-Ruda da aka kafa a 1934 kusa da Duwaim, da gangan aka ajiye ta a karkara, kuma ɗalibin malanta yana koyarwa ne a gaban masu horar da shi, a gyara masa, ya sake. Abdurrahman Ali Taha, ɗan Arbaji ta Jazira, wanda ya zama ministan ilimi a 1948, daga can ya fito. Irin wannan horo na yi da hannu shi ake buƙata ga shugabanni, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi. Muƙamin wakili ya zama makarantar koyon shugabanci da gaske, a ba shi lissafin majalisa na zango guda, a ba shi jagorancin taron iyaye, a sa shi ya kalli darasi ya ba da gyara mudir na saurare. Shugabannin makarantu biyar ko shida da ke kan magudana ɗaya su riƙa haɗuwa kowane wata a makarantar ɗayansu, su ga yadda tsaransu ya shawo kan abin da ya gagare su. Mai duba makarantu in ya zo ya bar ƙirga kurakurai kaɗai, ya faɗi abu ɗaya takamaimai da aka yi daidai da dalilin da ya sa daidai ne, domin yabon da ba shi da hujja ba ya gina komai. A kuma buɗe wannan hanya ga malamai mata da 'ya'yan ƙauyukan kansu, waɗanda sukan daɗe suna riƙe da aji ɗaya ba a taɓa tunanin su a ofis ba.

Su ma mutanen ƙauye suna da nasu kaso. Baƙon mudir da aka turo yana zuwa ne da fargabarsa, bai san ko za a karɓe shi ba, ga labaran da ya ji a hanya. In majalisar iyaye ta tare shi da jerin ƙorafi a makon farko, ta taimaka wajen ƙera mai rufe ofis ɗin da za ta zo tana kuka da shi. In dattawa suka zaɓi aiki ɗaya da za a iya gamawa cikin wata guda, gyaran makewayin 'yan mata ko rumfar aji ɗaya, suka tsaya tare da shi har aka gama, sun ba shi hujjar farko cewa a wannan gari ana iya yin abu da shi. Lokacin da ƙananan hukumomin Jazira da Sinnar da Nilul Azraƙ ke cike guraben shugabannin da yaƙi ya tarwatsa, ya kamata a gaban shekarun aiki a ƙara tambayar kowane mai nema ya faɗi wani aiki na makaranta da ya taɓa ɗauka ya kai ƙarshe, da sunayen waɗanda ya yi shi tare da su, sannan a je a tambaye su.